Kafin Ku Kafa wa Tumatir Sanda

'Ya'yana, ku da kuka ce bana tumatirin damina za ku yi, ku matso mu yi maganar sanda. Na ga hankalinku duk ya tafi kan iri da taki da maganin feshi, ba wanda ya tambayi abin da zai riƙe shukar idan ta yi nauyi.

Kada ku dubi manoman Kadawa da Kura da Garun Malam ku ce ai su ba sa kafa komai. Nasu noman rani ne. Irin da suka fi dasawa, kamar UC82B da Roma, gajere ne, ruwan madatsar Tiga kuma ta ƙasa yake bi, sama a bushe take. Damina daban ce. Ruwa zai doki ƙasa, laka ta fantsama kan ganye, ganyen ya soma ɗigo-ɗigon baƙi, duk ɗan da ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa ya ruɓe kafin ya nuna. Ga shi wani irin zamanin da kuke saye da tsada a 'yar leda dogo ne, yana miƙewa yana fure. Dole a ɗaga shi.

Abin da hannunku zai fara kaiwa gare shi karan dawa ne, don yana nan jibge a bayan gida. Ba na hana ku, amma araha ba ta ado. Ranar da kuka kafa shi zai tsaya ƙyam, shukar ma ba ta wuce gwiwa ba. Ku jira watan Agusta, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, gara ta rarake gindin karan, shukar kuma ta ɗauki 'ya'ya. Iska ɗaya ta gaban hadari za ta kwantar da kunya guda. Saboda haka idan za ku zaɓi sanda, nauyin ranar tsinka za ku auna, ba na ranar dashe ba. In kara kawai kuke da shi, ku haɗa uku ku ɗaure kawunansu, ku bar shi wa gajeren iri.

Ni dai a wurina darbejiya ta fi. Tana ko'ina, reshenta miƙaƙƙe ne, gara ba ta cika son ta ba, kuma in an sassabe ta sai ta sake tofo. Itacen turare ma yana yi. Gora ta fi su sauƙin ɗauka, mai kauri ana tsaga ta biyu ko huɗu, sai dai kuɗi, in ba kuna kusa da inda take fitowa ba. Kowanne kuka samu, ya kai kaurin ƙotar fartanya ko ya ɗan gaza, tsawo kuma mita 2, don wajen santimita 30 zai shige ƙasa. Ku sare shi tun da bazara ya bushe. Ku fiƙe gindin, ku babbaka shi sama-sama a wuta. Na san wasu na shafa baƙin mai don gara. Ku bar wannan, abin da za a ci ne kuke nomawa. Haka katakon da aka yi wa fenti ko maganin kafinta.

Zogale da bini-da-zugu da aduruku, waɗannan na shinge ne. In kun kafa su ɗanye a damina tsiro za su yi, su raba taki da tumatirinku. Kirya da marke kuwa ƙarfinsu ba magana, amma haba, a sare kirya don shukar wata huɗu? Sun yi ƙaranci a dajinmu. A bar wa mai sassaƙa turmi.

Sai maɗauri. Kada waya ko siririn zaren roba ya taɓa jikin shuka, yanka ta yake yi idan ta yi kauri, ciwo kuma ta nan yake shiga. Ku yayyaga tsohuwar atamfa faɗin yatsa biyu, ko ku nemi igiyar rama. A ɗaure tam a jikin sanda, a gitta, sannan a zagayo shukar sako-sako, yadda yatsa zai shiga, ƙarƙashin reshen da ke ɗauke da fure.

Ku kafa sandar mako 2 zuwa 3 bayan dashe, tazarar tafin hannu daga gindi. Wanda ya bari sai shuka ta kwanta, saiwa zai tsinka. Mai babbar gona ba sai ya bi kowace shuka da sandarta ba: ya kafa turaku masu ƙarfi a jere bisa kunya, ya ja waya ta sama, ya sauko wa kowace da igiyarta.

Idan kun gama tsinka, ku tumɓuke sandunan, ku kankare ƙasar, ku shanya su a rana sosai, ku jingine a kan dutse inda gara ba za ta hau ba. Na kunyar da ta yi ciwon bushewa kuwa, ku kai wa iyayenku mata su hura wuta da su.