Kafin ki ce mata "rabu da shi"

'Yar nan, na ji ƙarar da kishiyar tawa, wato 'yarki, ta kawo miki daga makaranta: wai akwai yaro a ajinsu da ba ya zama wuri ɗaya, ya fizge mata fensir, malami na magana shi yana ƙarƙashin benci. Na san abin da ke bakin kowace uwa a irin wannan lokaci: "Rabu da shi, ba shi da tarbiyya." Haɗiye shi tukuna. Abin da kika faɗa a tsakar gida da daddare, shi za ta kai aji da safe, har da ƙarin gishiri.

Fara da jin nata. Me ya yi? Kafin nan me ya faru? Ta ji tsoro? Idan ya dake ta, ki ce mata kai tsaye duka ba daidai ba ne, ko daga wa ya fito. Kada haƙurin da za ki koya mata ya zama na shanye mari a yi shiru.

Sai ki raba mata yaron da aikinsa. Ki ce: "Ke kina iya jira a zo kanki, shi jiran yana yi masa wuya, yana kan koyo ne." Wannan ya ishi mai shekara bakwai.

Ke kuma da kike babba, ki san ba kowace ƙiriniya ce sangarta ba. Akwai larurar da likitoci ke kira ADHD, mai hana yaro natsuwa, tana samun kusan yara 5 cikin 100; a aji mai ɗalibai 60 ke nan ba a rasa biyu ko uku. Wani kunnensa ne bai ji sosai, ana ta zaginsa da taurin kai. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa hau masa ka. Wani da yunwa ya fito, wani jiya aka saki uwarsa. Kin tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum? Dalma kan taɓa ƙwaƙwalwar wanda ya rayu, har ta sauya masa hali. Amma kada ki zauna kina yi wa ɗan mutane duba daga nesa, wannan aikin asibiti ne. Balle ki ce aljanu. Ranar da 'yarki ta furta haka a filin wasa, sunan ya bi shi ke nan har ya gama firamare.

Don ta ga yadda ake haƙuri da mai kuskure, ba ta labarin Balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, sahabbai suka yunƙura, Manzon Allah (SAW) ya hana su, ya sa aka zuba ruwa a wurin. Yara na son wannan labari, dariya ma yake ba su.

Ban ce dole ta yi abota da shi ba. Ta gaishe shi, kada ta shiga cikin masu yi masa ature, in ya fara tashin hankali ta matsa gefe ta kira malami. Idan abin ya ƙi ƙarewa, ki je wurin malamin da kanki, ki nemi a sauya mata wurin zama. Kada dai ki ɗauki mayafi ki nufi ƙofar uwarsa da faɗa, wataƙila ke ce ta huɗu da ta je mata a makon nan.