Idan Baƙuwar Kyanwa Ta Tare A Gidanku

Kyanwar titi ba ta sallama. Sai dai a wayi gari a gan ta a bayan randa ko ƙarƙashin mota, a rame, yara kuma sun riga sun raɗa mata suna. Tausaya mata abu ne mai kyau, addini ma ya kwaɗaitar da shi. Sai dai irin taimakon da aka saba yi mata da kyakkyawar niyya shi ne yake yawan halaka ta.

Madara ce ta farko. Yawancin kyanwoyin da suka wuce shan nono cikinsu ba ya narkar da madarar shanu, zawo take sa su, zawo kuwa ga ramammiyar dabba hanyar mutuwa ce. A ba ta ruwa mai tsabta da dafaffen kifi ko nama marar ƙashi, kaɗan-kaɗan, ban da ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Wanda ya fi wannan muni shi ne farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka maganin ƙuma na karnuka da fiya-fiya, kada su taɓa jikinta. Idan akwai shinkafar ɓera a lungunan gida, a kwashe tun yau.

Kada a kama ta da ƙarfi. A ajiye abinci wuri ɗaya, lokaci ɗaya kullum, ita da kanta za ta matso. Idan ta yarda, a keɓe ta a wani ɗaki kamar mako biyu da kwano cike da yashi don ba-haya, ana lura da ita. Inda gashi ya zube ya bar da'ira, wataƙila makero ne, kuma yara suna ɗauka. Mai juna biyu kada ta kwashe yashin nan, saboda akwai ƙwayar cuta a kashin kyanwa da ke iya cutar da ɗan tayi.

Mutane suna zaton ciwon haukan kare na kare ne kaɗai. Kyanwa ma tana ɗauka, tana kuma yaɗa shi. Duk wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti ranar, ba sai ya ga abin da zai faru ba, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana ba a cika tsira ba. Ita kuwa a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafi da zarar ta kai wata 3, a ba ta maganin tsutsar ciki.

A wannan zuwan a yi maganar haihuwa. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5, ta haihu cikin kwana 63 zuwa 65, kuma ba sau ɗaya a shekara ba. Wanda ba shi da inda zai kai 'ya'yan ya nemi likita ya yi mata aikin tsayar da haihuwa, muzuru kuma a fiɗiye shi, ya rage yawon dare da faɗa.