Ƙuruciya a Idon Al'adu: Darasi Domin Iyaye

A Maitumbi, cikin Minna, Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Fulani da Yarbawa suna zaune maƙwabtan juna, 'ya'yansu kuma suna wasa a fili ɗaya. Duk da haka kowane gida da irin idon da yake duban yaro da shi.

Hausawa da Fulani suna kunyar ɗan fari: uwa ba ta ambaton sunansa, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce take riƙonsa. Ɗan Fulani yakan fara bin shanu tun yana ƙarami. 'Yar Gbagyi takan koyi ɗaukar kaya a kafaɗa daga wurin uwarta. Ɗan Yarbawa yakan kwanta rub da ciki ya gai da manya. A cikin dukan waɗannan al'adu yaro na dangi ne baki ɗaya, aikin gida kuwa shi ne makarantarsa ta fari.

Turawa ma sun daɗe suna mora ƙarfin yara. A Ingila sai a 1819 doka ta hana sa 'yan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙun auduga. Sannu a hankali aka soma ɗaukar ƙuruciya a kan lokacin karatu da kāriya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989. Dokar Nijeriya ta 2003 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara 9 kyauta.

Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1990 ta haɗa biyun: ta ba yaro haƙƙi, ta kuma ɗora masa nauyin girmama iyayensa da taimakonsu. Ashe aiki ba laifi ba ne, sai in ya ƙwace wa yaro gobensa. Yarinyar da take taya uwarta wanke-wanke bayan makaranta tarbiyya take samu. Wadda take yawon talla a bakin titi lokacin da tsararrakinta suke aji, ita take ciyar da gida, alhali gida ne ya kamata ya ciyar da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya kula kada ya karya.

Tambayoyi domin tattaunawa a iyali:
1. Wane aiki ne yake koya wa yaro hali, wanne ne yake hana shi karatu?
2. Yaron da aka kawo riƙo yana samun abin da 'ya'yan gida suke samu?