Kafin ka ba 'yan hutu hayar gidanka a Dubai

Cikin 'yan kasuwarmu da suka daɗe suna sarin kaya a unguwar Deira akwai waɗanda Allah ya hore wa suka mallaki gida a Dubai, kuma ba ya yi musu daɗi su bar shi a kulle alhali ga baƙi na neman masauki. Suna da gaskiya. Sai dai hayar kwana-kwana a can ba ciniki ba ne na "ga makulli, kawo kuɗi".

1. Nemi izini tukuna. Doka mai lamba 41 ta 2013 ce ta tsara wannan harka, kuma hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido, wato DET, ita ke ba da izinin. Kowane gida da nasa, ana sabunta shi duk shekara. Tanadi takardar mallakar gidan, da shaidarka, da takardar wuta da ruwa ta DEWA. Wanda ya sa gida a shafin Airbnb ba izini, tara ce ke jiran sa.

2. Gidan gaba ɗaya ake bayarwa. Ba a yarda a raba shi ɗaki-ɗaki ko gado-gado ba.

3. In akwai ɗan haya na shekara a ciki, mai rajistar haya ta Ejari, kada kwaɗayin kuɗin 'yan hutu ya sa ka ce ya kwashe kayansa. Doka ta ƙayyade dalilan tashin ɗan haya, kamar sayar da gidan ko komawar mai shi ciki, kuma sai an ba shi sanarwar wata 12 a hukumance. Son ƙarin riba ba ya cikin dalilan. Haƙƙi ne, kuma Allah ba ya barin sa.

4. Duk baƙon da zai kwana sai an shigar da bayanan fasfonsa ko katin shaidarsa a tsarin hukuma. A nan ne na fi jiye mana tsoro, domin mun saba da amana. Alhaji yana Kano, makulli yana hannun yaron da ke haɗa masa kaya a kasuwa. Wani ya bugo waya da dare, "Ai ɗan gida ne, kwana uku kawai zai yi", yaro ya miƙa makulli, ba wanda ya ga fasfo. Ran da wani abu ya faru a gidan, ba yaron za a fara nema ba, sunan da ke kan izini za a duba. Zumunci ba ya hana rajista. Ɗan'uwan kirki ma ba zai ji haushi ba.

5. Akwai kuɗin yawon buɗe ido da ake karɓa daga baƙo a miƙa wa hukuma: dirhami 10 kan kowane ɗakin kwana a kowane dare, ko 15 in gidan na babban aji ne. Ware shi tun daga ranar farko, ba naka ba ne.

6. In kai ma haya kake yi, sai da rubutacciyar amincewar mai gidan.

7. Wanda ba mazaunin Dubai ba, shawarata ya damƙa gidan ga kamfani mai lasisin wannan aiki, ko da kasonsu zai rage riba. Amma ka karanta yarjejeniyar da idonka: wa zai biya in baƙo ya fasa kaya, wa zai zo in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a zafin Agusta? Ka tambayi masu kula da benen da gidan yake ciki dokokinsu kan baƙi, sannan ka tabbata inshorarka ta san cewa 'yan hutu ne ke kwana a gidan.