Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Riƙa Auna Sukarinta a Gida

Idan gwajin da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28 ya nuna kina da ciwon sukarin goyon ciki, ki toshe kunne daga masu cewa ƙaton jariri ai alheri ne. Sukarin da ya yi yawa a jininki ta mabiyiya yake bi ya shiga jikin ɗan, ya yi ta ƙiba har ya haura kilo 4. A nan ne kai ke fitowa kafaɗa ta maƙale, ko a kai ga tiyata. Da an yanke cibiya sukarinsa na iya faɗuwa, ga shawara, ga wahalar numfashi. Ke kuma hawan jini da jijjiga ne abin tsoro.

Ki sayi na'urar awo. Ni Accu-Chek nake sa mata su nema, don tsinkenta da ake ɗiga wa jini ba ya wuyar samu. Tsinken ne ma ke cin kuɗi.

Ki auna da safe kafin ki ci komai, sai kuma bayan kowane abinci.

Wanke hannu shi ne inda mata suka fi tafka kuskure. Mace ta ɓare dabino ko ta sha mangwaro, ta goge hannu a gefen zani, ta soka allura, lamba ta fito sama, ta kwana cikin fargaba, alhali zaƙin da ke kan fata ta auna. Ki wanke da sabulu, ki bari ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen yatsa yana tsinka jinin. Ki soka a gefen yatsa, ban da tsakiya, kuma kada ki matse shi da ƙarfi. Kwalbar tsinke a rufe take zama, nesa da rana da murhu.

Lissafin lokacin awon bayan abinci daga lomar farko ake fara shi. Abin da ake so: ƙasa da 95 da safe, ƙasa da 140 bayan awa ɗaya, ƙasa da 120 bayan awa biyu. Idan na'urarki mai ƙananan lambobi ce, wato 5.3, 7.8 da 6.7 ke nan.

Ki rubuta kowace lamba da abin da kika ci a littafi, ki je da littafin wurin awon ciki. Kada ki horar da kanki da yunwa don lamba ta yi kyau. Ki rage tuwo, ki ƙara wake da ganye, ki bar lemon kwalba. Zuma ma sukari ce. In likita ya ce allurar insulin, ki karɓa. In motsin ɗan ya ragu, ki tafi asibiti a ranar.

Bayan haihuwa da mako 6 zuwa 12 ki koma a sake gwada ki, don ciwon kan dawo ya zauna.