Kiran Waya Ta Wi-Fi: Layinka Zai Iya Aiki Ko Babu Sabis, Amma Da Sharaɗi

Sana'ata haɗa intanet ce a asibitoci da makarantu da ofisoshi: jan waya, kafa rawuta, da bin sawun matsala idan ta taso. In ka cire rashin wutar lantarki, babu kukan da na fi ji daga masu gine-gine kamar na sabis da ba ya shiga ciki. A bakin ƙofa waya cike take, da an wuce ɗaki biyu sai sandunan sabis su fara zubewa. Mutum ya kashe dukiya ya zuba kankare da rodi, ya rufa da kwano, ya sa gilashi mai duhu, ga shi kuma kullum a bakin taga, waya a sama, yana ta "kana ji na?"

Yawanci wayar lafiyarta ƙalau. Siginar da ke fitowa daga ƙarfen sabis ce ba ta iya ratsa ginin. Kankare mai rodi yana cinye ta, kwano yana mayar da ita baya, haka ma gilashin nan da ake shafa wa sinadarin ƙarfe don rage zafin rana. Zangon 900 MHz ya fi juriyar bango, amma na sama irin su 1800 da 2100 da 2600, waɗanda suka fi ɗaukar data mai yawa, sun fi saurin gajiya. Shi ya sa sabon bene mai kyan gani kan fi tsohon gidan ƙasa matsalar sabis.

Akwai mafita da ke zaune cikin wayoyi da yawa ba tare da masu su sun sani ba. A saitin waya sunanta Wi-Fi Calling, wasu wayoyin kuma suna rubuta VoWiFi. Idan ta yi aiki, za ka kira a kuma kira ka da lambarka ta kullum, ko da babu sandar sabis ko ɗaya, muddin wayar tana kan Wi-Fi mai intanet.

Da na faɗi haka sai a ce mini, ai mun daɗe muna yi da WhatsApp. Abu biyu ne daban, kuma bambancin yana da nauyi. Kiran WhatsApp, wanda aka fara a 2015, sai ku biyun duk kuna da manhajar kuma kuna da data a lokaci guda. Ba za ka kira kakarka da ke ƙauye mai 'yar ƙaramar waya mai madannai da shi ba. Ba za ka kira lambar gaggawa da shi ba. Saƙon banki mai ɗauke da lambar tabbatarwa ma ba ta nan yake zuwa ba. Shi kuwa kiran Wi-Fi na kamfanin layinka, wanda ka kira bai ma san ta ina ka biyo ba. Lambarka yake gani, wayarsa ta yi ƙara kamar kullum, ko da wayar tasa ba ta taɓa sanin intanet ba. A kamfanonin da suka buɗe saƙon tes ta wannan hanya, alat ma yana shigowa.

Yadda abin yake a ciki ba shi da wuyar fahimta. Wayar tana buɗe wata rufaffiyar hanya ta cikin intanet zuwa wata ƙofa a cibiyar kamfanin, wadda injiniyoyi ke kira ePDG. A bakin ƙofar nan sim ɗinka ne yake gabatar da kansa, da mabuɗin sirrin da aka dasa a cikinsa tun daga masana'anta, wanda dama da shi yake shaida kansa ga ƙarfen sabis. Da an karɓe shi, kiran ya shiga tsarin da ke ɗaukar kiran murya na 4G. Saboda hanyar a kulle take da tsarin IPsec, wanda kuke kan Wi-Fi ɗaya da shi a otal ko tashar jirgi ba zai saurari maganarka ba. Kamfanin layinka kuwa yana ganin kiran yadda yake ganin kowane kira, kuma a mafi yawan lokuta daga katinka zai cire kuɗin. Kada wani ya ce maka kyauta ne. Datar da yake ci daga Wi-Fi ɗin kaɗan ce, kimanin megabait 1 a minti ko ƙasa da haka.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin T-Mobile a Amurka ya fara sayar da wani nau'inta tun 2007. Apple ya sa ta cikin iPhone a 2014 tare da iOS 8, kamfanin EE na Ingila ya buɗe wa abokan cinikinsa a 2015. Abin da ya sa har yanzu ba ta zama ruwan dare a wajenmu ba shi ne sai kamfanin layi ya kafa waccan ƙofar a cibiyarsa, sannan ya amince da samfurin wayarka. Za ka ga mutum biyu da layin kamfani ɗaya, na farko yana da maɓallin Wi-Fi Calling, na biyu ya duba ko'ina bai gani ba. Na fi cin karo da haka a wayoyin hannu da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, waɗanda manhajarsu ta wani kamfanin can ce. Wani lokaci sabunta manhajar wayar yakan fito da maɓallin. Idan za ka sayi waya kuma ka san gidanka ko shagonka ba ya samun sabis, sa sim ɗinka a ciki ka duba tun kana gaban mai sayarwa.

A iPhone maɓallin yana ƙarƙashin sashen Cellular ko Mobile Data. A Samsung yana cikin Connections. A Tecno da Infinix da sauransu, duba saitin sim, ko ka rubuta Wi-Fi Calling a gurbin bincike na saitin. Gwajin da nake yi ɗaya ne: in danna alamar jirgin sama don in kashe sabis gaba ɗaya, in kunna Wi-Fi shi kaɗai, in ɗan jira. Idan alamar kiran Wi-Fi ta fito a saman allo, sai in sa wani ya kira lambar. In ta yi ƙara, an gama. Ka kunna shi a karon farko a wurin da akwai sabis, domin wasu kamfanonin sai sun yi wa layin rajista tukuna.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya a saurare ni, domin nan ne mutane suke asarar kuɗi. Wi-Fi ba shi ne intanet ba. Wi-Fi famfo ne a tsakar gida, intanet kuma ruwan da ke biyo bututu. Famfo sabo fil ba ya ba da ruwa idan madatsar ta ƙafe. Mafi yawan Wi-Fi ɗin da ke gidajenmu daga MiFi yake ko rawuta mai sim a ciki, wato daga ƙarfen sabis ɗin nan dai na unguwa yake sha. Ranar da janaretan ƙarfen ya tsaya, ko masu aikin titi suka yanke wayar faiba da ke ciyar da shi, wayarka da rawutarka tare za su yi shiru. Mutanen Zamfara sun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da hukumar NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakun sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk na'urar da ke dogara da sim ta zama ado.

Wannan ba ya nufin rawuta mai sim ba ta da amfani. Tana da shi sosai idan matsalar ta bango ce kawai. Wani asibiti mai zaman kansa da na yi wa aiki, ɗakin haihuwarsa yana can ƙuryar ginin, a ƙasan bene. Ungozoma idan tana neman likita da dare sai ta bar mai naƙuda ta fita har farfajiya. Likitan ma in yana ciki, mutanen gidansa ba sa samunsa. Abin da muka yi shi ne muka ɗora rawutar a saman bene inda sabis yake da ƙarfi, muka ja waya zuwa ƙasa, muka kafa na'urar Wi-Fi a cikin ɗakin. Ma'aikatan da wayoyinsu da layukansu suka dace suka koma amsa kira daga bakin gado. Waɗanda nasu bai dace ba, asibitin ya ajiye musu waya guda da aka gwada a kan teburin ma'aikatan jinya. Tun daga lokacin, duk inda na shiga asibiti, ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata nake fara aunawa kafin ofishin shugaba.

Amma idan garin ne gaba ɗaya ba shi da sabis, sai intanet ɗin ya zo ta wata hanya dabam: faiba, ko eriyar da ke kallon wata eriya daga nesa, ko tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma kiran Wi-Fi yana tafiya a kansa lafiya saboda taurarinsa suna kusa da ƙasa. Tsohon nau'in tauraron da ke can nisan kilomita kusan 36,000 yana sa jinkirin da ya wuce rabin daƙiƙa zuwa da dawowa, sai ku dinga cin karo da juna a magana. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya fi kyau kada ya wuce milisakan 150. Murya ba ta neman intanet mai gudu, mai natsuwa take nema. Idan yara suna kallon bidiyo a kan rawuta ɗaya kuma ba a saita ta ta fifita murya ba, maganarka za ta dinga yankewa ko da gwajin gudu ya nuna lamba mai kyau.

Sai wuta. Rawuta ba ta da batir irin na waya. An ɗauke wuta, kira ya yanke. Ƙaramin batirin ajiya na rawuta ba shi da tsada in aka kwatanta da amfaninsa, kuma ba na barin wurin aiki irin asibiti ba tare da na sa shi ba.

Ga 'yan'uwana masu kula da intanet na ofisoshi da makarantu: idan maɓallin yana kunne amma alamar ta ƙi fitowa, ku duba katangar tsaronku. Hanyar tana buƙatar ƙofofin UDP 500 da 4500 a buɗe. Wi-Fi na otal mai shafin shiga ma yakan hana, har sai an buɗe burauza an amince da sharuɗɗansu. Mai tafiya Umara ko Hajji ya tambayi kamfaninsa kafin ya tashi, domin wasu suna barin kiran Wi-Fi daga ƙasar waje a farashin gida, wasu suna toshe shi da zarar ka ƙetare iyaka. Lambobin nan masu farawa da tauraro da muke tura kuɗi ko duba kati da su ma ba kowane kamfani ne ke ɗaukar su ta Wi-Fi ba, don haka mai POS ya gwada kafin ya dogara. Haka kuma idan ka fita daga gida kana cikin magana, kiran zai koma kan sabis ba tare da yankewa ba ne kawai in layinka yana da kiran murya na 4G a kunne.

Batun kiran gaggawa ya fi duk waɗannan damuna. Idan ka kira 112 ta ƙarfen sabis, kamfani ya san aƙalla yankin da ƙarfen yake. Ta Wi-Fi kuwa, kiran yana iya fitowa daga ko'ina a duniya, shi ya sa a Amurka ba a kunna maka kiran Wi-Fi sai ka rubuta adireshin da masu amsa 911 za su gani. Wayoyi da yawa sukan fara neman sabis na kowane kamfani da ke kusa kafin su bi ta Wi-Fi, amma a ƙuryar da babu sigina sam wannan ba zai taimaka ba. Don haka a wuraren da nake aiki ina roƙon a manna takarda kusa da wayar teburi, ɗauke da sunan unguwa, sunan layi, da wata alama da kowa ya sani kamar masallaci ko gidan mai, tare da cikakkun lambobin ofishin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana mafi kusa, domin cikakkiyar lamba tana tafiya ta Wi-Fi kamar kowane kira. Wanda ya kira kuma ya fara da faɗin inda yake kafin ya faɗi abin da ya faru.