Tankar baƙin mai ta kife a bakin tafki: ina mafita?

Tambaya: Malam, tankar baƙin mai ta faɗi a gefen titi, man ya gangara cikin tafkin da muke shayar da dabbobi. Wasu sun ce a zuba omo, wasu sun ce a cinna masa wuta. Wanne za mu bi?

Amsa: Ɗan'uwa, ko ɗaya kada ku yi. Omo tarwatsa man yake yi cikin ruwa, ido ya daina ganinsa, kifi kuwa su kwashi kashinsu a hannu. Wuta kuma hayaƙinta guba ne, ba ta kuma cinye shi duka.

Baƙin man da masana'antu ke ƙonawa ba irin fetur ba ne da ke bin iska. Kauri gare shi, nauyinsa kuma dab yake da na ruwa. A teku gishiri na ɗaga shi sama, amma a tafki da zarar ya cuɗanya da laka sai ya dunƙule ya nutse. Sama ta yi garau, a ce an warke, sai saniya ta shiga ta tattaka ƙasan, ta fito da ƙafafu baƙi ƙirin. Don haka aikin na gaggawa ne, tun man yana saman ruwa.

Ku fara datse hanyarsa da tudun ƙasa tsakanin motar da tafkin. Wanda ya riga ya shiga, ku cika buhuna da ƙaiƙayi ko tattaka, ku ɗaure su jere da igiya, ku kewaye shi, ku janyo shi gaɓa a kwashe cikin duro. A sa takalmin roba da safar hannu, domin akan ɗauko man da zafinsa. In ya taɓa fata, a goge da man gyaɗa sannan sabulu, ban da kananzir. Yara da masu zuwa da jarka a kore su. Gobarar tankar da ta ci masu ɗiban mai a Majiya ta Jigawa a 2024 ta ishe mu, ko da yake wancan fetur ne.

A sauya wa dabbobi mashaya, a dakatar da kamun kifi da ban ruwan lambu, rijiyar da ke kusa kuma a kai ruwanta gwaji.

Ku ɗauki hoton motar da lambarta, mai unguwa ya sanar da 'yan kwana-kwana, ma'aikatar muhalli da hukumar kula da malalar mai ta NOSDRA. Tsabtace wurin nauyin mai motar ne, kuma kada ku sa hannu cewa an gama sai an tono lakar ƙasan tafkin kun gani.